Su Wa Muke Nufi Idan Muka Ce "Mun Ci"?

Yau maganar wasa za mu yi, amma ta ƙofar kalma za mu shiga, tunda da ita muke sana'a.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo, a Sule Tankarkar ne ko Gumel ko Maigatari, ya san irin wahalar da kalmar "mu" take sha a bakin matasa. "Mun ci uku da nema." "Mun sayi ɗan gaba." "Bana sai mun kori kocin nan." Mai wannan magana wataƙila iyakar tafiyarsa Kano, ƙungiyar da yake nufi kuwa tana Landan ko Madrid, kuma ba ta san Allah ya yi wani gari mai suna Danladi ko Jeke ba. Ba gori muke yi wa kowa ba. A kan bencin nan muke zama, mu biya kuɗin shiga, mu yi salati tare idan janareta ya ɗauke ana shirin buga fenariti. Tambaya ce kawai ta tsaya mana a wuya: wannan "mu" ɗin ta gado ce ko ta aro? In ta aro ce, an daɗe da faɗa mana zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da ya ƙara wa tambayar nauyi wani wasa ne da ba a kunna shi a gidajen kallonmu, sai dai mutum ya ci karo da guntayensa a waya. Turawa suna kiransa ragbi, sunan wani gari a Ingila da ake danganta asalin wasan da makarantarsa. Kafofin labaranmu na Hausa suna ce masa zari-ruga. Duk wanda ya fara furta sunan nan ya cancanci jinjina a zauren marubuta. Kalma biyu kacal, sun ba ka hoton wasan gaba ɗaya: ka zari ƙwallo, ka ruga. Sannan "ruga" ɗin ta ɗauko amon sunan asali ba tare da ta ci bashin Turanci ba.

Shi da ƙwallon ƙafa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A 1863 aka zauna a Landan don tsara dokokin ƙwallo, masu son gudu da ita a hannu ba su gamsu da abin da aka tsayar ba, a 1871 suka kafa tasu hukumar. A wannan shekarar ce Sikotlan da Ingila suka buga zari-ruga na farko tsakanin ƙasa da ƙasa, fiye da shekara guda kafin a yi irinsa a ƙwallon ƙafa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, mutum goma sha biyar ne kowane ɓangare, minti tamanin, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce. Kana iya gudu da ita, kana iya bugunta gaba da ƙafa, amma in da hannu za ka miƙa wa ɗan uwanka, sai dai gefe ko baya. Wanda ya keta ya dangwala ta a bayan layin abokan hamayya ya samo maki biyar, sannan a ba su bugun ƙari na maki biyu ta saman sanda. Bugun laifi maki uku ne. Mai riƙe da ƙwallo kaɗai aka halatta a kayar, kuma ba a kama wuya ko kai. Dokar miƙawa baya ɗin nan ita ta gina halin wasan. In ana son a ci gaba, dole wani ya sa ƙirjinsa, dole kuma wani ya biyo sawunsa ya karɓa kafin a danne shi.

To me masu kallonsa suke samu wanda ya yi mana ƙaranci? A ganinmu amsar tana cikin kalmar da muka fara da ita. A zari-ruga, ƙasa ita ce ƙololuwa. Akwai ƙungiyoyi, akwai gasa, akwai kuɗi, Faransa da Japan ma suna biya da tsoka, amma duk hidimar ƙungiya sharar fage ce ga rigar ƙasa. Niyu Zilan ba ta kiran ɗan wasan da ya tafi ci-rani wata ƙasa, komai gwanintarsa. Ingila ma haka take yi. Shi ya sa za ka ga mutum ya haƙura da albashin waje don kada rigar ƙasarsa ta kuɓuce masa. Idan ɗan kallo a can ya ce "mun ci", 'ya'yan ƙasarsu yake nufi, waɗanda suka taso a makarantun da ya sani, suke rera taken da shi ma ya haddace tun yana yaro.

A ƙwallon ƙafa abin ya juye. Ƙungiya ce uwargida, ƙasa ta koma baƙuwar da ake haƙuri da ita. Ku saurari hirar teburin mai shayi duk lokacin da aka dakatar da Firimiya don wasannin ƙasashe, za ku ji ana cewa an ɓata mana mako. Ku sake saurara idan Gasar Kofin Afirka ta faɗo a tsakiyar kakar Turai. Za ku ji Bahaushe, yana zaune a kan ƙasar Afirka, yana fatan a fitar da wata ƙasar Afirka da wuri don ɗan wasan "ƙungiyarsa" ya koma bakin aiki a Ingila. Da a littafi muka rubuta wannan jumlar, edita zai ce mun yi ƙari.

Sai maganar yawa. Gasar ƙasashe shida ta Turai, wato Ingila, Faransa, Ailan, Italiya, Sikotlan da Wels, sau ɗaya ake yi a shekara, tsakanin Fabrairu da Maris, kowace ƙasa wasa biyar. Ingila da Sikotlan suna da wani kofi na tsakaninsu da suke ja-in-ja a kansa tun 1879. Wanda aka doke bana, sai ya haɗiyi gorin har baɗi. Akwai kuma wata tawaga da ake haɗawa daga gwanayen Ingila, Ailan, Sikotlan da Wels, ta fita rangadi sau ɗaya a shekara huɗu, ta riƙa zagayawa tsakanin Afirka ta Kudu, Niyu Zilan da Ostireliya. Ke nan kowace ƙasa sai bayan shekara goma sha biyu take karɓar baƙuncinta. Ɗan wasa yana iya gama zamaninsa bai samu karawa da ita ba. Irin wannan wasa, mutum yakan yi tanadin kuɗin kallonsa kamar yadda ake tanadin ragon layya.

Mu kuwa fa? Asabar wasa, Lahadi wasa, Litinin akwai na dare, Talata da Laraba Kofin Zakarun Turai, Alhamis na ƙannensu, Juma'a a sake ɗaura niyya. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Ku tambayi ɗan gidan kallo sakamakon wasan ƙungiyarsa na mako uku da suka wuce, sai ya sosa ƙeya. Kuma a nan ne muke ganin caca ta samu ƙofa. Wanda ba shi da gado a cikin wasa, ga wasan kullum ana yi, sai ya nemi abin da zai sa gabansa ya faɗi idan ƙwallo ta nufi raga, ya sayi rabo da 'yar takardar nan. Ba mu ce masu kallon zari-ruga waliyyai ne ba, su ma akwai 'yan caca a cikinsu. Amma wanda ƙasarsa take fili ba ya buƙatar a sa masa Naira dubu a kai kafin zuciyarsa ta buga.

Bari mu kawo misalin da ya fi kowanne. Ranar 28 ga Oktoba, 2023, a birnin Paris, Afirka ta Kudu ta doke Niyu Zilan da maki 12 da 11 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya. Kafin nan ta fitar da Faransa mai masaukin baƙi da 29 da 28, ta fitar da Ingila da 16 da 15. Wasa uku a jere, kowanne da tazarar maki ɗaya. A wasan ƙarshen ko sau ɗaya ba su dangwala a bayan layi ba, duk makinsu daga bugun laifi huɗu na Handré Pollard suka fito. An ba kyaftin ɗin Niyu Zilan, Sam Cane, jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, amma mutum goma sha huɗun da suka rage suka ƙi mutuwa, har su ne ma suka dangwala. Bugu biyu suka ɓarar, da ɗaya ya shiga da labarin ya canza. Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin karo na huɗu, bayan 1995, 2007 da 2019, Shugaba Ramaphosa ya ba da hutun kwana ɗaya a ƙasar baki ɗaya.

Wanda ya ɗaga kofin, Siya Kolisi, shi ne baƙar fata na farko da aka naɗa kyaftin ɗin tawagar, a 2018. A unguwar talakawa ta Zwide ya taso, a hannun kakarsa. Ya faɗa da bakinsa cewa wasan ƙarshe na 2007 a wata mashayar unguwa ya kalle shi, don babu talabijin a gidansu. Mu fassara shi da harshenmu: ɗan gidan kallo ne. Bayan shekara goma sha biyu, a Japan, shi ne a cikin akwatin, wasu yaran suna kallonsa daga irin bencin da ya zauna. Yaron da ya kalli Kolisi ya ce "mu", akwai hanyar da ta tashi daga ƙofar gidansu ta isa filin nan, ko da mai ƙaya ce. Wace hanya ce ta tashi daga Danzomo ta isa filin Arsenal?

Kuma kada mu manta wace riga ce wannan. A zamanin wariyar launin fata, koriyar rigar mai tambarin barewa alamar farar fata ce, har baƙaƙen ƙasar sukan goyi bayan duk wanda ya zo karawa da ita. Ranar 24 ga Yuni, 1995, a Johannesbag, Nelson Mandela ya fito fili sanye da ita, mai lamba shida irin ta kyaftin Francois Pienaar, ya miƙa masa kofi bayan an doke Niyu Zilan da 15 da 12. Mutum ɗaya ne tak wanda ba farar fata ba a tawagar ta wancan lokaci, Chester Williams. Riga ba ta raba gonaki ba, ba ta sama wa kowa aiki ba, masu sukar wannan labari suna da gaskiyarsu. Amma dattijon ya gane cewa kalmar "mu" aba ce da ake iya faɗaɗawa, ya kuma zaɓi filin wasa don ya gwada.

Akwai wani misalin da ya kamata ya taɓa mu mutanen bakin iyaka. Tsibirin Ailan a rabe yake gida biyu, kudu ƙasa mai cin gashin kanta, arewa tana cikin Birtaniya, an kuma zubar da jini a kan wannan rabuwa. A ƙwallon ƙafa tawaga biyu suke fitarwa. A zari-ruga tawaga ɗaya ce, har da waƙa ta musamman da suke rerawa tare. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ga mutumin Damagaram da na Gumel suna cinikin sa da harshe ɗaya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Abu na gaba da yake jan mai kallo shi ne ladabi a fili, kuma abin mamaki ne a same shi a wasan da ƙarti suke karo kamar raguna. Kyaftin ne yake magana da alƙalin wasa. Wanda ya yi masa tsiwa, sai a matsar da bugun laifin mita goma gaba, tawagarsa ta biya kuɗin bakinsa. Alƙalin yana ɗauke da makirfo, mai kallo a gida yana jin dalilin hukuncinsa. Katin gargaɗi ba ado ba ne, minti goma mutum zai yi a waje. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai da kanta ta ari dokar kyaftin ɗin nan a gasarta ta ƙasashe ta 2024, don ta gaji da ganin mutum bakwai sun yanyame alƙali. A kujerun kallo ma ba a cika raba magoya baya da shinge ba, kore da baƙi a jere suke zama. Mu gwada wannan da abin da ya faru a Abuja ranar 29 ga Maris, 2022, da Ghana ta hana mu zuwa Kofin Duniya, 'yan kallo suka ɓarke cikin fili suna farfasa kaya. Ko mu tuna sau nawa aka ci Kano Pillars tara, aka rage mata maki, aka hana ta wasa a gaban jama'arta saboda hannun wasu 'yan kallo.

Sai dai kada daɗin baki ya kwashe mu. Alƙalin da ya busa wasan ƙarshe na 2023, Wayne Barnes, ya sha zagi da barazana a intanet daga masu kallon wannan wasa na ladabi. Zaman lafiyar kujerun nasu kuma da kofin giya a hannu ake yin mafi yawansa, wanda ba tarbiyyarmu ba ce.

Ƙwallon ƙafa kuma yana da abin da zari-ruga ba zai taɓa ƙwace masa ba. Tun da aka fara Kofin Duniya na zari-ruga a 1987, ƙasa huɗu ce kawai ta taɓa ɗauka: Afirka ta Kudu, Niyu Zilan, Ostireliya da Ingila. Zaure ne na 'yan gida, sauran rakiya suke zuwa. Ostireliya ta yi wa Namibiya 142 da nema a 2003, Faransa ta yi mata 96 da nema a 2023. A wasan da ƙarfin jiki yake hukunci, ƙarami ba ya samun wurin ɓuya na minti tamanin. Shi ya sa da Japan ta doke Afirka ta Kudu da 34 da 32 a 2015 aka yi ta maganar kamar an ga wata da rana tsaka. A ƙwallon ƙafa ci ɗaya ya isa. Da shi Kamaru ta kayar da Ajantina a 1990, da shi Senigal ta kayar da Faransa a 2002, Maroko kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2022. Talaka yana da rabo a wasan da ci yake da tsada.

Ga sauƙi. Dutse biyu ko takalma biyu sun zama raga, tsumma da leda sun zama ƙwallo, tsohuwa ma da ta leƙo ta kan danga ta san an ci. Zari-ruga kuwa sai alƙali ya busa, rabin masu kallo suna tambayar juna me aka yi. Ga kuma maganar lafiya, wadda ba ta wasa ba ce. Steve Thompson, wanda ya ci Kofin Duniya da Ingila a 2003, ya fito a 2020 ya ce ba ya tuna wasannin gasar, likitoci sun tabbatar masa da ciwon mantuwa tun yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Shi da ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun kai hukumomin wasan ƙara. Duk uban da ya ji wannan zai yi tunani sau biyu kafin ya tura ɗansa.

Saboda haka ba kira muke yi a sauke Firimiya a ɗora zari-ruga ba. Ko an yi kiran ma babu mai gidan kallon da zai ƙona fetur a kan benci wayam. Abin da muke cewa shi ne, daɗin da masu kallon zari-ruga na ƙasashe suke ji ba baƙo ba ne a wurinmu. Muna da shi a gida, sunansa ne daban.

Ku tsallaka iyaka kaɗan. A Jamhuriyar Nijar, tun 1975 da aka fara a Tawa, ake gasar kokawar gargajiya ta neman takobi. Jihohi takwas, Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Yamai da Damagaram, kowace ta kawo 'yan kokawarta goma. Sau ɗaya a shekara. Ɗan kokawa ba ya shiga da sunan kamfani, da sunan jiharsa yake shiga, makaɗansa suna bayansa, gwamnansa yana rumfa. Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko, a zamanin nan kuma Isaka Isaka na Doso ya ɗauke shi fiye da kowa. Idan aka zo karon ƙarshe, kowa kunnensa yana jikin rediyo ko idonsa a kan talabijin, kuma Bamaraɗen da ya ce "mun kayar" babu aro a bakinsa. Duk siffofin da muka lissafa a sama suna nan: jira na shekara, wakilcin gida, kirari kafin karo. 'Yan wasan Niyu Zilan suna yin haka, rawar gargajiyar ƙabilar Mawori, kafin a busa, duniya tana ɗaukar hoto. Mu da muka ga ɗan dambe ya shiga da'ira yana kirari, kalangu yana amsa masa, jiki yana tsuma, ba mu da dalilin buɗe baki don mamaki.

Damben ma da ɓangare ake yinsa, Kudu, Arewa da Guramada, ɗan kallo ya san inda ya dosa kafin a ɗaura zare. Sai kuma langa, wadda a ganinmu ita ce 'yar uwar zari-ruga ta jini. Gungu biyu, kowa riƙe da ƙafa ɗaya, ana ture juna da kafaɗa, ana buɗa wa ruwa hanya ya kai wurin sha, abokan hamayya suna neman kayar da shi kafin ya isa. Ku cire riƙon ƙafar ku sa ƙwallo a hammatar ruwa, ku gaya mana abin da ya rage. Wannan yashin namu na Jigawa, da yake hana ƙwallon ƙafa gudu, shi ne katifar da mai faɗuwa yake so.

Shi kansa zari-rugan bai yi mana nisan da muke zato ba. A Kano akwai ƙungiya mai suna Barewa da ta daɗe tana koya wa yara wasan. Najeriya tana da tawagar ƙasa da ake kira Black Stallions, duk da ba ta taɓa zuwa Kofin Duniya ba. Wanda Ingila ta naɗa kyaftin a farkon 2025, Maro Itoje, iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ne kuma ya jagoranci tawagar haɗakar nan zuwa Ostireliya a wannan shekarar. Ga jaraba ta zo: nan ma za mu ce "namu ne" mu ari wata rigar? A Landan aka haife shi, taken Ingila yake rerawa, wannan ya ishe mu amsa.

A ƙwallon ƙafa ma mun san ɗanɗanon "mu" ta gaskiya, sai dai jefi-jefi take zuwa. Ranar 22 ga Yuni, 2018, da Ahmed Musa ya zura wa Aisilan biyu a Rasha, ɗan Manchester da ɗan Chelsea rungume juna suka yi, aka manta da gabar da aka shekara ana yi. Yaron da ya taka leda a Kano Pillars ne, yana jin Hausa, ana iya cin karo da shi a titin Kano. Ranar 11 ga Fabrairu, 2024, da Kwaddibuwa ta doke mu biyu da ɗaya a wasan ƙarshe a Abijan, shirun da aka fita da shi daga gidajen kallo ba irin na daren da aka fitar da Barcelona ba ne. Na Barcelona zuwa safe ya zama abin tsokana. Wancan kuwa babu wanda ya tsokani wani, don babu wanda yake waje. Jigawa Golden Stars tana nan, ɗan Gagarawa nawa ne zai iya kawo sunan mai tsaron ragarta?

Yanzu mu dawo kan alƙalaminmu. Ɗan Anace ya ɗauki Shago, ɗan damben da ya yi zamaninsa ya wuce, ya ajiye shi a inda har yau yaron da bai taɓa ganin fuskarsa ba ya san sunansa. Makaɗi ya yi nasa aikin. A rubutaccen labari kuwa, da wuya ka buɗe littafin Hausa ka sami gidan kallo a matsayin dandalin labari, alhali nan ne samarin garuruwanmu suke kwashe darare uku ko huɗu a mako. Akwai mai gidan da lissafin fetur ɗinsa. Akwai yaron da yake leƙe ta hujin langa-langa don ba shi da kuɗin shiga. Akwai wanda ya sayar da kwanon riɗin gidansu ya saka a caca, akwai aminai biyu da suka yi wata ba sa gaisawa saboda ƙungiyoyin da ba su san da zamansu ba. Akwai kuma dattijon da ya yi kokawa a zamaninsa, yana wucewa ta ƙofar yana jin ihun jikokinsa a kan wani Bature. Wanda ya rubuta tattaunawar wannan dattijo da jikansa a kan wa ake nufi da "mu", ya sami gajeren labarinsa na gasa.

Ga kuma aikin kalmomi. Ƙwallon ƙafa ya samu nasa tuntuni: satar gida, bugun kusurwa, kunnen doki, mai tsaron raga. Zari-ruga ya samu suna, amma cikinsa da saura. Cin maki biyar ɗin nan mun kira shi dangwale a wannan rubutu. Akwai inda mutum takwas-takwas suke sunkuyawa su haɗa kafaɗu su yi ta turin juna, a jefa ƙwallo ta ƙarƙashinsu. Karon raguna za mu ce, ko turereniya? Akwai inda ake jefo ƙwallo daga gefen fili, mutum biyu su cira ɗan uwansu sama ya cafe. Wannan ma yana jiran mai raɗa masa suna, kuma gara ya fito daga bakin wanda ya yi langa da ƙuruciya.

Akwai lokacin shiri. Kofin Duniya na gaba a Ostireliya za a yi, daga farkon Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, 2027, da ƙasashe ashirin da huɗu. Afirka ta Kudu za ta je kare kofinta, Zimbabuwe kuma ta samu gurbi bayan ta doke Namibiya a Kampala a 2025. Saboda bambancin agogo, wasannin yammacinsu da hantsi za su riƙa iso mana, lokacin da gidan kallo yake rufe, mai gidan yana gona ana roron wake. Wanda yake son gani sai ya tanadi data da cajin waya. Da an gama kuma kaka ta kankama, masu kalangu sun fara zagaya garuruwa, can Nijar ana shirin fitar da takobi.